Zan iya sayar wa kamfani rarar wutar sola?

Tambaya: Na sa sola a gidana, da rana wutar kan yi mana yawa. Na ji a Amurka ana tura rarar a layi a rage wa mutum kuɗin wuta. Ni ma zan iya? Mai karatu, Wurno.

Amsa: Malam, kada ka jona da kanka. Tsarin nan sai da mita mai lissafin shiga da fita, da yardar Kaduna Electric mai raba wuta a jihar Sakkwato, bisa ƙa'idojin NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki. Mitar kati ba ta biyan kowa. Kuma layi sai yana da wuta yake karɓar rara, ka kuwa fi ni sanin yadda ake ɗauke ta daga Wurno har Rabah. Mafi muni, jonin gangan yana iya kashe ma'aikacin da ya hau falwaya.

Ci rararka a gida. Guga da tura ruwa tanki, a yi su da tsakar rana. Ƙara batir, ka ajiye shi inda iska ke shiga, don zafi na rage masa kwana. In kana da fadama wajen Goronyo, injin ban ruwa mai sola zai rage maka kuɗin fetur a noman albasa.