'Yancin Zaɓi da Nauyin da Ke Biye da Shi

Wurin karatu: Farawa 3:8-13

A watan Satumba na 2022, gwamnatin Jihar Legas ta faɗaɗa dokar hana acaba zuwa ƙaramar hukumar Kosofe, inda Ojota take. 'Yan'uwanmu da yawa daga Arewa suka wayi gari ba sana'a. Ba su suka kafa dokar ba, amma kowa ya zaɓi abin da zai yi bayanta. Wani ya koma gida noma, wani ya kama dako a kasuwar Mile 12, wani kuwa ya ci gaba da ɗaukar fasinja a ɓoye.

Akwai masanan falsafa da suka zurfafa tunani a kan irin wannan zaɓi. Jean-Paul Sartre na Faransa (1905-1980) ya koyar cewa mutum ba ya zaɓen inda za a haife shi ko abin da zai same shi, amma ba shi da mafaka daga yanke shawara. Ko ƙin zaɓe ma zaɓi ne. Wanda ya ce dole ce ta sa shi, alhali akwai wata hanya, kansa yake yaudara.

Sartre bai gaskata da Allah ba, don haka ya bar mutum shi kaɗai da kayansa. Soren Kierkegaard na Danmak (1813-1855), wanda ake ɗauka uban wannan tunani, Kirista ne. A wurinsa, kowane mutum zai tsaya shi kaɗai a gaban Allah, ba zai ɓuya cikin taro ba.

Dubi Adamu. Da aka tambaye shi, sai ya nuna matarsa, ita kuma ta nuna maciji. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Haka muke yi sa'ad da maigida ya kashe kuɗin makarantar yara a caca, sa'an nan ya ce halin Legas ne, ko kuwa ƙaddara ce.

Ƙaunatattu, talauci gaskiya ne, tsadar haya ma gaskiya ce. Duk da haka, ranar da muka amsa cewa mu muka zaɓa, ranar ce ƙofar tuba take buɗewa. Wanda bai ɗauki laifinsa ba, me zai kawo a gafarta masa?

Tambayoyi don iyali

1. Wane abu ne muke ɗora wa ƙaddara a gidanmu, alhali yana hannunmu?
2. Ta yaya za mu koya wa yara su amsa laifinsu ba tare da tsoro ba?