Yaron da Ya Makara Wajen Zama Ba Ɗan Ruwa Ba Ne

Uwargida, doguwar naƙuda ko shawarar da ta yi tsanani a satin farko na haihuwa kan iya taɓa ƙwaƙwalwar jariri. Alamun sukan fito daga baya: wata 4 wuya bai tsaya ba, wata 9 bai iya zama shi kaɗai ba, ko kuma hannu ɗaya kullum a dunƙule. Nan ne a gida ake fara cewa ɗan ruwa ne, a yi ta hayaƙi, lokaci na wucewa.

Tabon da ya samu ƙwaƙwalwa ba ya ƙaruwa, ba ya kuma gogewa. Amma ƙwaƙwalwar yaro ƙarami tana saurin koyo, shi ya sa muke so a kawo shi da wuri. Ban da masu gashin ƙashi, akwai ma'aikatan da aikinsu shi ne koyar da ayyukan yau da kullum: cin abinci, sa riga, wanka, riƙe fensir. Za su nuna miki yadda za ki zaunar da shi a kusurwar ɗaki ki tokare shi da matashi, da yadda za ki naɗe mariƙin cokali da tsumma ya yi kauri don ya iya damƙa. Kada a ba shi kunu yana kwance, yakan ƙware, abinci ya faɗa huhu.

Maigida da kaka su ma su zo su koya, domin yawancin aikin a gida ake yinsa, kullum. Idan idon jaririnki ya yi rawaya, a kawo shi asibiti ranar, kada a tsaya shanya shi a rana.