Kabon Mai Hannu Huɗu

Jawabin kimiyya na wannan mako a kan abu guda ya ke, wanda kowa ke taɓawa kullum, amma ba kowa ya san sunansa ba. In aka ɗora sukari a wuta aka manta da shi, sai ya narke, ya yi ja, daga bisani ya koma baƙi ƙirin. Haka tuwo ya kan yi in ya kama a gindin tukunya, haka kuma itace in aka rufe shi da ƙasa aka ƙona shi. Baƙin nan da ya ke saura shi masana ke kira kabon. Yana cikin auduga da man gyaɗa da kananzir da shuni, har da naman jikin ɗan Adam. Ilmin da ke binciken abubuwan da aka gina da kabon babban reshe ne na kimiyya, kuma ba a gane shi sai an fara sanin yadda ƙwayar zarra ta ke.

Dukan abin da ke duniya an yi shi ne da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda Turawa ke kira atam, watau ƙwayar zarra. In aka jera na kabon a layi, fiye da miliyan 100 za su shiga cikin inci ɗaya. Ire-irensu da aka sani 118 ne, wajen 90 daga ciki a ke samu a halitta, sauran kuwa masana suka ƙirƙiro. Da farko an ɗauka zarra dunƙule ce wadda ba ta rabuwa. A shekarar 1897 J. J. Thomson, a Kambirij ta Ingila, ya gano wani ɗan abu a cikinta, aka sa masa suna ilektoron. A 1911 Ernest Rutherford, a Manchesta, ya nuna cewa kusan dukan nauyin zarra yana tattare ne a wata 'yar cibiya a tsakiyarta. Cikin cibiyar akwai furoton, akwai kuma niyutoron, wanda James Chadwick ya gano a 1932. Da cibiyar nan za ta yi girman ƙwayar dawa, da faɗin zarrar ya kai kamar filin ƙwallo, kuma ba kome a filin sai ilektoron suna kewaya.

Furoton da ilektoron suna ɗauke da ƙarfin lantarki iri biyu, kamar kai da gindin batirin tocila. Iri ɗaya da iri ɗaya su kan ture juna, iri dabam kuwa su kan jawo juna. Yawan furoton shi ke faɗin sunan zarra: mai 1 haidurojin ce, mai 6 kabon, mai 7 naiturojin, mai 8 oksijin. Yawan ilektoron kuma daidai ya ke da na furoton. Amma fa ba barkatai su ke zaune ba, hawa-hawa su ke. Hawan farko, na kusa da cibiya, 2 kaɗai ya ke ɗauka, na biyu kuwa 8. Zarrar da hawanta na waje ya cika ta kan zauna lafiya, ba ruwanta da kowa. Wadda nata bai cika ba, ita ce ke haɗuwa da wasu.

Hanya ɗaya ta cikawa ita ce kyauta. Sodiyam yana da ilektoron 11, watau 2, da 8, da guda 1 tilo a waje. Kulorin yana da 17, watau 2, da 8, da 7, saura ɗaya ya cika. Sai sodiyam ya miƙa tilon nan nasa, kulorin ya karɓa. Da yin haka ƙarfin lantarkinsu ya saɓa, sai su manne da juna gam. Abin mamaki, sodiyam ƙarfe ne mai tafasa da ƙarfi in ya taɓa ruwa, kulorin kuwa iska ce mai guba wadda aka yi yaƙi da ita a Turai a 1915, amma abin da suka haifa shi ne gishirin miya. Saboda ƙarfin riƙon nan, gishiri ba ya narkewa a wuta sai zafi ya kai digiri 801.

To, shi kabon fa? Ilektoron ɗinsa 6 ne, 2 a ciki, 4 a waje. Ba da huɗu da wuya, karɓar huɗu ma da wuya. Saboda haka tarayya ya ke yi. Misalinsa kamar manoma biyu ne, kowanne da sa ɗaya. Sa ɗaya ba ya jan garma, sai suka haɗa shanun biyu, suna yi wa gonar wannan aiki, suna yi wa ta wancan, kowa yana lissafin shanu biyu ya ke da su, ga shi kuma ba mai iya ƙaura ya bar ɗan'uwansa. Haka zarra biyu kan kawo ilektoron ɗai-ɗai su riƙe tare. Gilbert Lewis, wani masani a Kalifoniya ta Amurka, shi ya bayyana wannan a 1916. Kowace tarayya ɗaya a iya kiranta hannu ɗaya. Haidurojin hannunsa 1, oksijin 2, naiturojin 3, kabon 4.

In kabon ɗaya ya kama haidurojin huɗu, an sami iskar da ke tashi daga fadama da kashin shanu, wadda a ke kira mitan, kuma tana cin wuta. Amma babbar baiwar kabon ita ce yana kama ɗan'uwansa kabon, wannan ya kama wancan, su yi sarƙa, sauran hannuwan su riƙe haidurojin. August Kekule na Jamus da Archibald Couper na Sikotlan, kowa a wurinsa dabam, suka faɗi haka a 1858. Sarƙa mai kabon 3 ko 4 ita ce gas ɗin girki da a ke sayarwa a tukunyar ƙarfe. Daga wajen 5 zuwa 12 fetur ke nan, daga wajen 10 zuwa 16 kananzir, in ta wuce 20 kuwa an shiga kakin kyandir. Gwargwadon tsawon sarƙa, gwargwadon yadda ta ke maƙale wa 'yan'uwanta, shi ya sa a ke tashi daga iska zuwa ruwa, daga ruwa zuwa daskararre. A 1865 Kekule ya ƙara da cewa sarƙar ta kan lanƙwashe ta zama zobe mai kabon 6, kamar yadda ya ke a cikin wani mai da a ke kira benzin.

Ba yawan ƙwayoyi kaɗai ke magana ba, har da yadda aka jera su. Kabon 2 da haidurojin 6 da oksijin 1, in oksijin ɗin yana bakin sarƙa, ruwan sifirit ne mai tafasa a digiri 78. In kuwa ya shiga tsakanin kabon biyun, sai a sami iska, wani abu dabam sarai. Tubali ɗaya ne, gini ya bambanta.

A dā masana suna tsammani abubuwan da ke fitowa daga jikin mai rai ba sa yiwuwa sai da wani ƙarfi na rai. A 1828 Friedrich Wohler, a Balin, ya dafa wani gishiri wanda ba daga dabba ko tsiro ya fito ba, sai ga yuriya, abin da ƙoda ke fitarwa cikin fitsari. Tsohon ra'ayin bai mutu nan da nan ba, amma an buɗe ƙofa. Yuriyar nan ita ce takin zamani fari da manoma ke saye a buhu, wanda kashi 46 cikin 100 na nauyinsa naiturojin ne.

Labarin shuni ya nuna inda ilmin nan ya kai. Shekaru aru-aru daga ganyen baba a ke samunsa, a Indiya da ƙasar Hausa da wasu wurare. Adolf von Baeyer na Jamus ya haɗa shi a ɗakin gwaji a 1880, a 1883 kuma ya gano jerinsa: kabon 16, haidurojin 10, naiturojin 2, oksijin 2. A 1897 kamfanin BASF ya fara sayar da shunin masana'anta. Kafin a fara yaƙin 1914 cinikin shunin Indiya ya karye, manoma da leburori masu yawan gaske suka rasa abin yi. Ilmin da ya sauƙaƙa wa mai saye, shi ya tsananta wa mai nomawa.

Marinan Ƙofar Mata a Kano kuwa, tun kafin a haifi Baeyer su ke aiki da wannan ka'ida. Shuni ba ya narkewa a ruwa, saboda haka ba ya shiga zare. Sai a zuba shi a rijiyar rini da ruwan toka, a bar shi kwanaki yana ruɓa. Ƙananan halittu da ido ba ya gani su kan ƙara masa ilektoron, ya juye ya zama abu mai narkewa, mai launi tsanwa-tsanwa, ya ratsa cikin zaren. Da marini ya ɗaga ƙyallen, oksijin na iska ya karɓe ilektoron ɗin, launin ya koma shuɗi a gaban ido, kuma tun da ya daina narkewa, sai ya maƙale a cikin zaren. Shi ya sa a ke tsomawa a ɗaga, a sake tsomawa a ɗaga, har baƙin ya kai yadda a ke so.

A mako mai zuwa za a duba dalilin da ya sa mai da ruwa ba sa haɗuwa, da yadda sabulu ke shiga tsakaninsu. Allah ya kai mu.