Kada ka yi wa kwamfutar motarka ƙarya

Da kai nake, Alhaji mai mota, da kai malam direba, da kai oga mai gareji. Manyan motocin da ke lodin hatsi a Dawanau ko su sauke kaya a Singa da Kantin Kwari, da yawansu sun tashi daga sahun tsohuwar Marsandi 911 da guduma da sifana suka ishe ta. A DAF da MAN da Actros na wannan zamani, kwamfuta ce ke yanke yawan man da zai shiga injin da lokacin shigarsa. Ita kuwa ba ta da ido, abin da sensa ta faɗa mata shi ta sani. Duk kwaskwarimar da aka yi a bayan idonta, da tsohon labari za ta ci gaba da lissafi.

Kada ka goge lambar matsala kafin a rubuta ta. Wannan ne babban laifi, kuma kullum ana yin sa. Fitila ta kama a gaban direba, a kira yaro mai na'ura, ya jona, ya danna, fitila ta mutu, a ba shi na goro, mota ta kama hanyar Katsina. Me aka gyara? Ba komai. Ka ɗauki hoton allon da wayarka tukuna. Lambar manyan motoci sau da yawa kashi biyu ce: SPN tana faɗin wurin, FMI tana faɗin irin ciwon. SPN 110 zafin ruwan injin ne. In FMI ta nuna 0, zafin ya wuce kima ƙwarai, ka tsaya nan take. In ta nuna 3 ko 4, wutar da ke layin sensar ce ta yi sama ko ƙasa, a bi waya da soket. Wanda bai raba waɗannan biyun ba zai sa ka sayi lagireto alhali waya ce ta tsinke, ko ya sa ka ci gaba da tafiya har gasket ya ƙone.

Kada ka ɗora turbo ko nozul da suka fi na asali girma ka bar kwamfuta yadda take. An tsara ta ne a kan adadin iska da mai na injin da ta fito da shi daga kamfani. Ka ƙara mata iska, ta ga matsi ya haura abin da ta sani, ta rage ƙarfi don ta ceci injin, kai kuma ka ce mota ta yi sanyi. Injekta na zamani da yawa ma kowace da lambarta a jiki, wadda dole a shigar wa kwamfuta idan an canza. In za ka Ƙofar Ruwa sayen kaya, tafi da tsohon a hannu da lambar shasi, a gwada lamba da lamba. "Ai duk ɗaya ne, zai shiga" ba hujja ba ce.

Ka guji ɗan akwatin nan da ake maƙalawa a sensar matsin mai wai don ƙarin ƙarfi. Aikinsa ƙarya ne tsagwaronta: yana gaya wa kwamfuta matsi ya yi ƙasa, ita kuma ta ƙara tursasa famfo. Layin man irin waɗannan injina yana aiki da matsin da ya haura bar 1,500 tun daga kamfani. Abin da ka ƙara a kai, nozul da fistin ne za su biya, kuma ranar biya takan faɗo ne a Hawan Kibo da cikakken lodi. Haka wanda zai sake wa kwamfuta manhaja: kada ya taɓa sai ya kwafe ta asali ya ba ka ka adana. In ya ce ba ya iyawa, ɗauke motarka.

Kada a cire tamosta da sunan zafin Kano. Na san ranar Afrilu ba ta wasa, amma injin da ba ya kai zafin aikinsa mai yake sha, baƙin mai ya gurɓace da wuri. Gyaran gangar Abzinawa ke nan. A wanke lagireto, a duba fanka da murfi. Matatar iska kuma a canza ta a kan kari, musamman da hunturu, kada a huda ta ko a jefar.

Maganar salansa da AdBlue ta fi kowacce nauyi, domin ba kai kaɗai ta shafa ba. Tun daga ƙa'idar Euro 4 ta 2005 yawancin manyan motocin Turai suka fara amfani da wannan ruwa na tsabtace hayaƙi, wanda kashi 32.5 cikin ɗari na sinadarin yuriya ne a cikin tataccen ruwa. Kada ka zuba ruwan famfo a tankinsa, kada ka jiƙa takin gona ka zuba. Motar Euro 6 in ta ga tsarin ya lalace, za ta fara rage ƙarfi da kashi 25 cikin ɗari, in aka yi biris ta koma rarrafe a kilomita 20 cikin awa. An ƙera ta ne don gas ɗin Turai mai sulfa da bai wuce 10 cikin miliyan ba, mu kuwa sai a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da 50, kuma wanda ke sayen gas a jarka a bakin titi bai san me ya zuba ba. To, ka yi wannan lissafin tun kafin ka biya kuɗin motar Baljiyam. In ba ka da hanyar samun AdBlue da gas mai tsabta, nemi motar da za ka iya riƙewa. Fasa matatar hayaƙi da toshe EGR (bututun da ke mayar da hayaƙi cikin injin) da faranti na iya sa ka ga kamar ka huta, amma toka da hayaƙin da aka hana fita a Jamus za su fita a Gwammaja da Ƙofar Mazugal. Tirela ba ta shiga lungunan Dala, hayaƙinta yana shiga, har ɗakin da jariri yake kwance.

Mai wayarin, kai ma saurara. Kada ka yanki kowace waya ka ɗauki wutar fitilun ado, ham ko rediyo. Wayoyi biyun nan da aka murɗe tare, su ne layin da kwamfutar injin ke magana da ta giya da ta birki. Ka fere ɗaya, allo ya cika da lambobin da ba su da alaƙa da juna, a kwana ana sauya kayan da lafiyarsu ƙalau. Ɗauki wuta daga akwatin fis, ka sa fis. Kada ka ja volt 12 daga batir ɗaya a motar volt 24, za ka kashe batir biyun.

Za a yi walda a shasi, ƙarin tanki ne ko ƙarin bodi? A kashe mota, a cire kan batir, a zare soket ɗin kwamfuta, a kama wayar ƙasa kusa da wurin waldar.

Na'urar taƙaita gudu da hukumar FRSC ta fara tilastawa a 2017, a bar ta inda take. In an canza girman taya, a saita kwamfuta, domin daga juyin taya take lissafa gudu.

Sannan ka ajiye littafi a cikin mota. Duk abin da aka canza a rubuta: rana, kilomita, lambar kayan, sunan gareji, da lambar matsalar da aka gani kafin gyara. Direba ya ɗauki hoton shafin ya tura wa maigida. Ranar da motar ta tsaya a Maraɗi ko Damagaram, bakaniken can zai fara da tambayar abin da aka taɓa a injin, kuma yaron mota ba zai iya tunawa ba.