Wace Doka Aka Yi Bayan Bala'in Bhopal?

Mai sauraronmu daga Zariya, ka tambaya ko an yi wani gyara bayan bala'in Bhopal na ƙasar Indiya.

A daren 2 ga Disamban 1984, ruwa ya shiga wani tankin sinadari a masana'antar maganin ƙwari ta kamfanin Union Carbide. Iskar guba kimanin tan 40 ta fita, ta lulluɓe unguwannin talakawa suna barci. Dubban mutane suka rasu cikin 'yan kwanaki, wasu kuma har yau suna fama da ciwon ido da na ƙirji.

A 1986 Indiya ta kafa dokar kare muhalli, wadda ta ba gwamnati ikon rufe masana'antar da ke gurɓata iska ko ruwa. A shekarar ce Amurka ta wajabta wa kamfanoni bayyana wa jama'a irin gubar da suke ajiyewa.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne jinkiri, Malam. Kamfanin ya biya diyyar dala miliyan 470 a 1989, amma sai a Janairun 2025 aka kwashe tan 337 na sharar gubar daga harabar masana'antar domin ƙonawa.