Abincin Wanda Aka Dasa Masa Haƙori

'Yan'uwa manoma, darasinmu na wannan wata a kan haƙori ne. A da, in haƙori ya lalace sai a cire shi, mutum ya zauna da giɓi. Yanzu a manyan asibitoci likita yana iya dasa wani a gurbinsa. Aikin yana da tsada ƙwarai. Wani sai ya sayar da sa ko buhunan masara kafin ya biya. Abin baƙin ciki ne mutum ya kashe wannan kuɗi, sa'an nan ya ɓata aikin da bakinsa saboda rashin sanin abin da zai ci.

Yadda ake dashen

Likita yakan huda ƙashin muƙamuƙi, ya ɗaura wata 'yar ƙusa ta ƙarfen da ake kira titaniyam. Wani likita na ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ne ya gano cewa ƙashi yana kama wannan ƙarfe ya manne da shi. Ya fara sa wa mutum a shekarar 1965. Ƙashi yakan ɗauki wata 3 zuwa 6 kafin ya riƙe ƙusar sosai, kuma yawanci sai bayan haka ake ɗora haƙorin a kanta. Kun san dashen tumatir. In ana girgiza shi kafin ya yi saiwa, ba zai kama ba. Haka wannan ƙusa take.

Ranar farko

Jini yakan daskare a kan ciwon ya rufe shi. Wannan gudan jini shi ne murfin da ciwon zai warke a ƙarƙashinsa. Saboda haka:

1. Kada ka ci kome sai allurar da ta kashe bakin ta sake ka, don kada ka ciji harshe ko leɓe ba ka sani ba.
2. Kada ka sha abu mai zafi. Zafi yana tayar da jini. Ka bar kunu ko koko ya huce.
3. Kada ka kurkure baki, kada ka yi ta tofar da yawu da ƙarfi, kada ka zuƙi abin sha da bututu.
4. Ka huta. Noma, faskare da ɗaukar kaya su jira kwana 2 ko 3.

Makon farko da na biyu

Mutane da yawa suna jin tsoron tauna, sai su zauna a kan koko kaɗai. Wannan kuskure ne. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Jiki ba ya gina sabon nama da ƙashi sai da abincin gina jiki, kuma muna da shi a gidajenmu:

Kunun gyaɗa, madarar waken suya, alale, dafaffen ƙwai, awara mai taushi, faten wake da ya nuna luguf, da kifin da aka cire masa ƙaya. Nono da kindirmo suna ƙarfafa ƙashi, amma a tabbata an tafasa madarar tukuna. Fura a dama ta sosai har ba gudaji. Tuwo a yi shi da laushi, a ci da miyar kuka ko kuɓewa, a rage barkono. Ana iya daka busasshen zogale da ƙananan kifi a tankaɗe a zuba a miya. Kabewa, dankali, gwanda da ayaba duk suna da kyau. Gwanda tana da bitamin C, wanda ke taimakon ciwo ya haɗe.

Ka ci kaɗan kaɗan, sau 5 ko 6 a rana. Ka tauna ta ɗaya gefen. Uwargida ta rege shinkafa da wake da kyau, gama tsakuwa ɗaya tana iya jawo ɓarna. Bayan kwana ɗaya da aikin, ka sa rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi, ka kurkure a hankali bayan kowane cin abinci.

Abin da za a bari

Goro, rake, ƙuli-ƙuli, aya, kilishi, tsire, soyayyar gyaɗa, gasasshiyar masara da tauna ƙashi. Riɗi da 'ya'yan gwaba sukan maƙale cikin ciwon. Kada asuwaki ya taɓa wurin ɗinkin. Giya da burukutu suna jinkirta warkewa. Taba ta fi duka ɓarna, ko ta sha ko ta sawa a baki, domin tana rage jinin da ke zuwa dasashi, kuma dashen masu shanta ya fi saurin lalacewa. Ko bayan ciwon ya rufe, kada ka tauna abu mai tauri a wurin sai likita ya ce ƙashi ya kama.

Mai ciwon sukari ya gaya wa likita tun kafin aikin. Ya sha kununsa ba sukari, ya ci gaba da maganinsa, gama in sukari ya hau ciwo ba ya warkewa da wuri.

Yaushe za a koma asibiti?

In jini ya ƙi tsayawa, ko kumburi yana ƙaruwa bayan kwana 3, ko akwai zazzaɓi, mugunya ko wari, ko leɓe ya mutu bai farfaɗo ba, ko kuwa ka ji ƙusar tana motsi, koma wurin likita nan da nan. Kada ka sa toka, kanwa ko ƙullin taba a kan ciwon.

Yawancin dokokin nan na makon farko sun shafi wanda aka cire masa haƙori kawai, don haka darasin na kowa ne.

Tambayoyi don taron ƙungiya

1. Waɗanne abincin gina jiki masu taushi ake samu a ƙauyenmu da rani, waɗanne kuma da damina?
2. In an yi wa ɗan ƙungiya aiki a tsakiyar noma, wa zai shirya masa gayya don ya huta?
3. Wace iyali ce za ta iya ba da ƙwai ko nono na mako guda ga mai jinya?