Kuɗin Taimakon Makarantu Da Yadda Ake Tsaronsa

Unguwar Gyallesu ta Tudun Wadan Zariya tana maƙwabtaka da Kongo, inda aka buɗe makarantar horon akawuna cikin 1947, wadda ta koya wa ma'aikatan En'e da yawa riƙon littattafan Baitulmali. A nan kusa kuma aka kafa Babbar Kwalejin Horon Malamai cikin 1962. Ashe lissafi da karatu sun daɗe suna zaman tare a wannan wuri. Wannan darasi kuwa a kan inda suka haɗu ne, watau makarantar da wata ƙungiya ke riƙe da ita, amma Gwamnati ke ba ta kuɗi.

1. Asalin al'amarin

A zamanin Turawa makarantu iri uku ne a Arewa: na Gwamnati, da na En'e, da na ƙungiyoyi masu zaman kansu, kamar ta mishan da ke Wusasa. Waɗannan na ƙarshe sukan sami kuɗin taimako daga Gwamnati. To, kuɗin nan harajin talakawa ne. Ko ya shiga hannun mai makaranta bai zama nasa ba, amana ce, ita kuwa amana sai da lissafi.

2. Dokokin da aka yi

Dokar Ilmi ta 1916, ta zamanin Gwamna Lugga, ta ɗora taimako bisa rahoton mai duba makarantu. Ana ba da maki 40 cikin 100 saboda jarrabawa da ci gaban yara, 30 saboda tarbiyya da ladabi, 20 saboda malamai, 10 kuma saboda gini da kayan aiki da tsabta.

Cikin 1948, bayan binciken Sidney Phillipson, aka sake tsari. Sai a tara abin da aka yarda makaranta za ta kashe, galibinsa albashin malamai, a cire abin da aka ƙiyasta mutanen wurin za su biya, Gwamnati ta cika sauran. A ce abin kashewa fam 300 ne, na mutanen gari fam 80, to taimakon Gwamnati fam 220 ke nan. Duk wanda ya ƙara sunan malamin da ba ya nan, ya ci kuɗin jama'a. Jihar Arewa ta yi tata Dokar Ilmi cikin 1956, sa'an nan cikin shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓe yawancin makarantun mishan.

Dokar Ilmin Bai-Ɗaya ta 2004 ta zo da wani sharaɗi. Gwamnatin Tarayya tana ware kashi 2 cikin 100 na babban asusunta don ilmin farko, amma jiha ba ta samun rabonta na gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa.

3. Abin da ya faru a Amurka

Ba ƙasar nan kaɗai ke fama da wannan ba. A Amurka akwai makarantu da ƙungiyoyi ke gudanarwa da kuɗin Gwamnati bisa takardar yarjejeniya, jihar Minnesota ce ta fara yi musu doka cikin 1991. Ana biyansu gwargwadon yawan ɗalibai. A jihar Ohio wata babba cikinsu mai suna ECOT, wadda ke koyarwa ta intanet, ta kasa nuna shaidar cewa ɗaliban da ta rubuta sun yi karatu. Aka umurce ta ta mayar da wajen dala miliyan 60 na shekara guda, aka rufe ta cikin Janairu 2018, yara dubbai suka shiga neman wata makaranta a tsakiyar shekara. Laifin babba, yaro ya sha wuyarsa.

4. Aikin Hakimi da Magatakarda

Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 Baitulmali ya bar hannun sarakuna. Amma mai binciken kuɗi baƙo ne, takarda yake gani, Hakimi kuwa da dagatansa da masu unguwa su suka san gidan kowane yaro. Saboda haka idan aka gayyace su kwamitin makaranta, ya kamata su lura da abu uku:

(a) Rajistar yara. A gwada sunayen da ke ciki da yaran da ke zaune a aji, ran da ba a yi zaton zuwan kowa ba.

(b) Takardar albashi. Kowane suna a ga mai shi da ido.

(c) Littafin kuɗi. Kowane abin da aka saya a ga rasiɗinsa, a kuma ga abin. Idan an rubuta benci 50, a ƙirga.

Magatakarda ya rubuta abin da aka gani da kwanan wata, ba ƙari ba ragi, a aika wa hukumar ilmi ta ƙaramar hukuma. Kada Hakimi ya sa hannu a kan abin da bai gani ba, ko da mai makarantar ɗan'uwansa ne. Mai gaskiya ba ya gudun a buɗe littafinsa, kuma rigakafi ya fi magani.